Ra'ayinmu: Idan Jami'a Ta Ba Ɗanka Gurbin Kimiyyar Dabbobi

Duk shekara, da zarar jami'o'i sun fara sakin sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, akwai wani irin jimami da yake shiga gidajen 'yan wannan ƙungiya. Yaro ya nemi karatun likita ko na harhaɗa magunguna, makinsa bai kai ba, sai jami'a ta ba shi kimiyyar dabbobi. Uba ya karɓi labarin kamar wanda aka yi wa rashi, uwa ta ce ita ba ta sha wahala don ɗanta ya ƙare a makiyayi ba. Wasu su ce ya haƙura ya sake rubuta JAMB baɗi, wasu su ce ya shiga ya lallaɓa shekara guda sannan ya nemi canji. Ra'ayin wannan mujalla shi ne, yawancin wannan jimami rashin sani ne ya haife shi, kuma bai dace da mu da muke yaƙi da jahilci mu yanke wa 'ya'yanmu hukunci a kan abin da ba mu bincika ba.

Da farko ya kamata a rarrabe tsakanin fannoni biyu da jama'a suke haɗawa. Likitan dabbobi yana karatun shekara 6, aikinsa gano cuta da ba da magani da tiyata da rigakafi. Masanin kimiyyar dabbobi kuwa yana karatun shekara 5 a tsangayar aikin gona, aikinsa sanin yadda dabba za ta ci ta ƙoshi, ta hayayyafa, ta ba da nono ko nama ko ƙwai, har mai ita ya ci riba. A shekarun farko ɗalibi yana karanta dukkan rassan aikin gona, a shekara ta huɗu ya fita gona ya yi aiki da hannunsa, a ta ƙarshe ya tsaya a kan dabbobi ya rubuta kundin bincike. Sana'a ce da doka ta san da ita, domin tun 2007 aka kafa Cibiyar Kimiyyar Dabbobi ta Najeriya, wadda take yi wa masu wannan digiri rajista kamar yadda TRCN take yi mana. Ana karanta fannin a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Maiduguri da jami'ar aikin gona ta Makurdi, da wasu da dama.

Mai cewa ai kiwo ba ya bukatar digiri, ya dubi abin da ake koyarwa. Mu ɗauki kaji, tun da da yawa daga cikinmu sun taɓa zuba kuɗin adashi a cikinsu. Abinci shi ne yake cinye kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin da mai kaji yake kashewa. Kaza mai ƙwai tana cin wajen giram 110 zuwa 120 a rana, ke nan kaji 100 suna gamawa da buhu mai kilo 25 cikin kwana biyu. Wanda ya san gwargwadon masara da waken suya da dusa da garin ƙashi da za a haɗa, ya san abin da ɗan tsako yake bukata da abin da mai ƙwai take bukata, zai iya haɗa abincinsa da kansa ya rage asara. Wanda bai sani ba sai ya riƙa sayen buhu a duk farashin da aka yanka masa, ƙwai ya ragu bai san dalili ba. Haka abin yake ga awaki. Akuya tana ɗaukar ciki wata biyar, amma a gidaje da yawa bunsuru ɗaya ne yake barbarar uwa da 'ya'yanta shekara da shekaru, har iri ya tsumbure, a ce maita ce ko baki. Ɗalibin wannan fanni yana koyon zaɓen iri, da adana harawa da ciyawa tun kaka, da yadda ake sarrafa karan dawa da anguriya su zama abincin da zai riƙe saniya har faɗuwar damina, da lissafin riba da faɗuwa.

Sannan a dubi ƙasar da muke zaune. Duk wanda ya taɓa zuwa kara a Maigatari ko Wudil ko Potiskum ko Mai'aduwa ko Illela ranar kasuwa ya ga irin dukiyar da take tafiya da ƙafa huɗu. Muna da Bunaji da Rahaji da Bokoloji a shanu, muna da Balami da Uda da 'Yankasa a tumaki, muna da jar akuyar Sakkwato wadda fatarta ta ƙetare Sahara tun zamanin fatake har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Duk da haka, saniyarmu da kyar take ba mai tatsa lita biyu a rana, da rani ma ba ta kaiwa, alhali shanun madara na ƙasashen Turai suna wuce lita 20. Shi ya sa ƙasar da take da miliyoyin shanu take sayo madarar gari daga waje. Iri da abinci da ruwa da kulawa su ne suka kawo wannan tazara, kuma su ne darussan kimiyyar dabbobi. Ba kuma yau aka fara aikin ba. Tun 1928 aka buɗe gonar dabbobi a Shika kusa da Zariya, wadda a 1976 ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, wato NAPRI. A can aka samar da kazar Shika Brown mai jure yanayinmu, a can kuma aka daɗe ana haɗa Bunaji da shanun waje don ƙara yawan nono. Cibiyar Vom da take kusa da Jos, wadda take can tun 1924, ita take yin alluran rigakafi. 'Ya'yan wasu ne suke aiki a waɗannan wurare.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi nauyi. Babu wanda yake karanta wannan shafi da bai san yadda rikici a kan burtali da makiyaya da mashaya ya ci rayuka ba, ya rufe makarantu, ya raba malamai da ƙauyukan da suke koyarwa. Dokar keɓe makiyaya ta Arewa ta fito tun 1965, amma gonaki da gine-gine sun cinye da yawa daga cikin wuraren. Mutane suna ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa. Dole wata rana a koyi samun nono da nama mai yawa daga fili kaɗan, a shuka ciyawa kamar yadda ake shuka gero. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo. Ko me za a ce game da alkawuran gwamnati, ba za a yi wannan aiki ba sai da masana, kuma gara a same su cikin yaran da suka tashi suna jin Hausa da Fulatanci, suka san ruga, suka san gona.

Ba za mu ɓoye ɗaya gefen ba, domin malamin firamare da zai ɗauki nauyin ɗalibi shekara 5 da albashin da muka sani ya cancanci a gaya masa gaskiya. Wannan digiri ba ya zuwa da takardar ɗaukar aiki. Guraben gwamnati kaɗan ne. Ayyukan da suka fi samuwa suna manyan gonakin kaji, da masana'antun abincin dabbobi, da wuraren ƙyanƙyasa, da kamfanonin tattara madara, kuma da yawansu suna nesa da gida. Wanda zai tsaya da ƙafarsa yana bukatar jari, ga shi cuta tana iya share keji cikin mako guda, kamar yadda aka gani lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006. Sannan akwai sassan jami'a da suke koyar da kiwo a kan allo, gonarsu ba ta da abin kirki. Yaron da yake ƙyamar kashin kaji, ko aka tura shi dole, zai fito da takarda ba tare da sana'a ba, kuma wannan ita ce asarar da ta fi zaman gida ciwo.

Saboda haka shawararmu ga iyaye ita ce a zauna da yaro a ji ta bakinsa kafin a karɓa ko a ƙi. A tabbatar yana da kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi da kimiyyar sinadarai da ilimin halittu ko aikin gona. In da hali a je a ga gonar jami'ar da ido, a tambayi ɗaliban da suke ciki sau nawa suke taɓa dabba. In ya shiga, a saya masa ko da tunkiya biyu ne ko kaji 20 tun yana aji ɗaya, ya riƙa rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu, domin ranar da zai kammala ya fito da hannun da ya saba. Kada kuma a ce fannin na maza ne kaɗai. A gidajenmu mata ne suke riƙe da awaki da kaji, a ruga mata ne suke da nono, kuma mace masaniya tana shiga cikin gida inda jami'i namiji zai tsaya a zaure.

Mu ma malamai muna da laifi a cikin wannan raini, kuma gyaransa a hannunmu yake. Sau nawa aka ce wa yaron da ya kasa karatu ya tafi ya yi kiwo, a gaban 'yan ajinsu? Sau nawa aka mayar da nome filin makaranta horo ga wanda ya makara? Yaron da ya tashi yana jin haka ba zai yi murna ba ranar da aka ba shi gurbi a tsangayar aikin gona. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Darasin lissafi ba zai rage daraja ba don an yi shi da kiret ɗin ƙwai ko kuɗin ragon layya. 'Yan'uwanmu da suke koyarwa a makarantun 'ya'yan makiyaya, waɗanda aka kafa wa hukuma tun 1989, suna da ɗaliban da suka riga malaman jami'a sanin halin saniya. Abin da ya rage shi ne a riƙe su har su kai ga sakandare.

Muna kira ga shugabannin wannan reshe su gayyato malaman tsangayar aikin gona mafi kusa da mu su yi wa 'ya'yanmu bayani kafin lokacin cike fom ɗin JAMB, kuma ƙungiyar adashinmu ta duba yiwuwar ba da ƙaramin rance ga 'ya'yan mambobi da suka kammala irin wannan karatu suka zo da tsari a rubuce. Muna kira ga hukumar ilimin firamare ta dawo da lambun makaranta da ɗan kejin kaji a inda akwai fili da katanga. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu zaɓin alheri, Ya sa albarka a cikin abin da suka karanta.