Sharhi: Gwagwarmayar baƙar fata a wasannin talabijin na Brazil

A kowane dare, miliyoyin iyalai a Brazil kan zauna gaban talabijin domin kallon wasannin kwaikwayo masu dogon zango, musamman na tashar Globo. Sai dai an shafe shekaru ana kokawa cewa fuskokin da ake gani a cikinsu ba su yi kama da na akasarin masu kallo ba.

Ƙidayar jama'a ta 2022 ta nuna cewa kashi 45.3 cikin 100 na al'ummar ƙasar ruwa biyu ne, kashi 10.2 kuma baƙar fata. Idan aka haɗa su, sun zarce farar fata, waɗanda ke da kashi 43.5. Brazil ce ƙasa ta ƙarshe a nahiyar Amurka da ta soke bauta, a 1888, bayan an kai mata 'yan Afirka fiye da miliyan huɗu.

Matsalar ta samo asali tun farkon harkar. A 1969, Globo ta shafa wa wani jarumi farar fata, Sérgio Cardoso, baƙin kwalli domin ya fito a matsayin bawa a wasan A Cabana do Pai Tomás. Baƙaƙen 'yan wasa kuwa, galibi matsayin bayi, 'yan aikin gida ko direbobi ake ba su, kamar yadda Joel Zito Araújo ya fayyace a fim ɗinsa na bincike na 2000.

Sai a 1996 Taís Araújo ta ja ragamar wasan Xica da Silva a tashar Manchete, sannan a 2004 ta zama babbar jaruma a wasan Da Cor do Pecado na Globo. Ko a nan ma an yi ƙorafi, domin sunan wasan ya danganta launin fata da zunubi.

Tura ta kai bango a 2018, lokacin da aka fara nuna Segundo Sol. Labarin ya wakana ne a jihar Bahia, inda kusan kashi 80 na mazauna baƙaƙe ne ko ruwa biyu, kuma inda bayi Musulmi, Yarabawa da Hausawa, suka yi tawaye a 1835. Duk da haka, farar fata ne suka mamaye manyan matsayi. Ofishin masu gabatar da ƙara kan harkokin ƙwadago ya aika wa tashar takardar jan kunne.

Tun daga nan aka fara ganin sauyi. Sheron Menezzes ta jagoranci Vai na Fé a 2023, Taís Araújo kuma ta fito a babban matsayi a sabon Vale Tudo a 2025.

Amma yawan fuskoki a allo bai wadatar ba. Marubuta da daraktoci ne ke yanke wanda zai fito a matsayin likita da wanda zai riƙe tsintsiya, kuma a wannan mataki baƙar fata ba su da yawa. Shi ya sa shigar Elísio Lopes Jr. cikin marubutan Amor Perfeito a 2023 ta ja hankali.

Muddin alƙalami ya ci gaba da zama a hannu ɗaya, abin da matsin lamba ya samar zai iya gushewa da zarar an daina ƙorafi.