Wuta ba ta san patoron yana sauri ba

Duk lokacin da aka ce kuran ya kama wani ma'aikaci a kan poto ko cikin ɗakin tarasfo, maganar da ke biyo baya ɗaya ce: "tsautsayi ne, kwana ya ƙare." A yi addu'a, a yi zaman makoki, shantiye ya ci gaba. Ni ban musanta ƙaddara ba. Amma ina son a riƙa tambaya kafin a rufe zancen: wa ya ce masa ya hau, kuma an yanke wutar ko ba a yanke ba?

Mu fara da sanin abin da ake wasa da shi. Wutar ɗakinka volt 220 ce, kuma ita ma tana kisa. Wadda ke bin manyan wayoyin cikin gari zuwa tarasfo ta kai volt 20,000. Layin da ya taso daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, da wanda ya shigo daga Katsina ta Gazawa yana ba Maraɗi da Damagaram, volt 132,000 suke ɗauke da ita. Irin wannan wuta ba sai ka taɓa waya ba. Ka matso kusa fiye da ƙima, ita ce za ta yi tsalle ta cikin iska ta same ka, da tartsatsin da ke narkar da ƙarfe. Wanda ya rayu sau da yawa sai an yanke masa hannu, don ƙunar ta ciki ce, fata ba ta nuna rabin ɓarnar.

Shi ya sa masu sana'ar suke da ƙa'ida wadda duk wanda ya yi makarantar lantarki ya haddace. A raba wurin aiki da inda wuta ke shigowa. A sa kwaɗo a kan makunnin, mabuɗi yana aljihun mai aikin, da allo mai cewa kar a kunna. A tabbatar layin da aka yanke shi ne wanda za a taɓa. A gwada da na'ura a ga babu wuta. Sannan a haɗa wayoyin da ƙasa. Wannan na ƙarshe shi aka fi tsallakewa, kuma a ƙasarmu shi ya fi muhimmanci. Ku tuna yadda gurup da faranti mai amfani da hasken rana suka cika gari, musamman tun da Najeriya ta katse mana wuta a watan Agusta na 2023. Mai shago ya tayar da gurup ɗinsa bai raba shi da layi ba, wutar ta koma baya ta shiga tarasfo, tarasfo kuma ya ɗaga ta zuwa dubbai. Yaro yana saman poto yana ganin an yanke, ashe wuta ta biyo ta bayan gida.

Duk wannan bai wuce ƴan mintoci ba. To me ya sa ake tsallake shi?

Domin a masana'anta, tsayar da inji kuɗi ne. Mai gidan ƙanƙara ba ya son kayansa su narke, mai injin shinkafa yana da motoci a ƙofa, ɗan kwangila an ɗaure shi da ranar miƙa aiki da tara idan ya makara. Sai ka ji: "ɗan ƙaramin gyara ne, yi shi haka nan, kai ba ƙwararre ba ne?" Wannan kirarin shi ne tarkon. Idan bai ci ba, a fito da na biyu: "in ba za ka iya ba, akwai mutum goma a bakin ƙofa." Kuma da gaske akwai su. Saurayin da ya fito da takardarsa ya shekara biyu yana zaga gari, ya samu aikin jika uku a wuni, ba shi ne zai tsaya gardamar safar hannu ba.

Ita kanta safar abin kallo ce. Safar roba ta aikin babbar wuta tana da aji, kowane aji da iyakar volt ɗin da yake ɗauka, kuma ana duba ta lokaci zuwa lokaci, don hudar da ido ba ya gani ta isa. Abin da nake gani a hannun yara a shantiye sau da yawa safar ɗaukar bulo ce. Kaske kuwa sai ranar da baƙi za su zo ɗaukar hoto.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba doka muka rasa ba. Kundin dokar aiki na 2012 ya ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin kare rai da lafiyar waɗanda ke ƙarƙashinsa. Hatsarin wurin aiki ana kai rahotonsa ga CNSS, ita ce ke biyan magani da diyya. Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2009, kuma a cikinta akwai cewa ma'aikacin da ya janye daga aiki saboda yana da dalilin ganin rayuwarsa na cikin haɗari na nan take, ba a hukunta shi. Ma'aikata nawa ne suka taɓa jin wannan? Kuma ko sun ji, wanda babban kamfani ya ba kwangila, shi ma ya ba ƙaramin ɗan kwangila, shi kuma ya kwaso yara ba kontara ba lambar CNSS, ranar da abu ya faru kowa zai ce ba ma'aikacinsa ba ne. A ba iyali buhun hatsi da kuɗin likkafani, a ce a yi haƙuri.

Na san za a ce wasu ma'aikatan su ne da ganganci, suna hawa ba bel don a ce jarumai ne. Akwai su. Amma ganganci yana yaɗuwa ne a inda shugaban aiki ke yaba wa mai sauri yana harara mai bin ƙa'ida. Wanda ke da ikon tsayar da inji shi ke da alhakin.

Don haka ga abin da nake nema. Duk mai ba da kwangilar aikin babbar wuta, gwamnati ce ko ɗan kasuwa, ya sa a rubuce cewa ba mai hawa sai da takardar yanke wuta mai sa hannu, da suna da lokaci. Masu sa ido na ma'aikatar ƙwadago su riƙa shiga shantiye ba tare da sanarwa ba, su ƙirga yaran da ke aiki su gwada da sunayen da ke CNSS. Sandika su buɗe ƙofa ga ƴan aikin wuni, don su ne ke saman poto.

Ku kuma da ke da ƙane ko miji a wannan sana'a, yau da dare ku tambaye shi abu biyu: yana da kwaɗonsa na kansa, kuma yana da lambar CNSS? Idan babu, ku rubuto mana garin da irin aikin, ba sai da suna ba. Muna tattarawa, za mu kai ofishin masu sa ido na kowace jiha.