Ɗalibi a gidan mutanen Tailan: Murmushin uwar gida ba ya nufin babu laifi

A kasuwannin arewa, an fi sanin sunan Tailan a jikin buhun shinkafa. Amma ƙasar tana karɓar ɗalibai baƙi duk shekara, wasu ta hanyar shirye-shiryen musayar ɗalibai irin su AFS da Rotary, wasu kuma ta jami'o'i. Da yawa daga cikinsu a gidajen mutanen gari ake sauke su, su ci abinci tare da masu gida, su yi watanni ana zaune.

Kafin tafiya, abin da ya fi tsorata ɗalibi shi ne yajin abinci da zafin gari da wahalar harshe. Waɗannan duk ana sabawa da su cikin 'yan makonni. Abin da ya fi ɓata zama shi ne wanda ba a cika faɗa masa ba: idan ya yi kuskure, da wuya masu gida su gaya masa.

Ga yadda abin kan faru. Ɗalibi ya fita da abokai, bai sanar ba, bai dawo ba sai sha ɗaya na dare. Ya tarar da uwar gida zaune tana jira. Ya ba da haƙuri, ta yi murmushi ta ce "mai pen rai", wato ba komai. Ya ɗauka magana ta ƙare, mako mai zuwa ya sake. Bayan wata biyu sai jami'in shirin ya kira shi, ya ce iyalin sun nemi a sauya masa gida. Shi kuwa har ransa bai san ya yi wa kowa laifi ba.

Kara irin ta Tailan

Mutanen Tailan suna da kalma ga wannan hali, "kreng jai". Ma'anarta gudun ɗora wa wani nauyi ko sa shi jin kunya, ko da kuwa mutum shi ne zai cutu. Bahaushe ba zai sha wahalar gane ta ba, domin 'yar'uwar kara ce. Wanda ya taɓa ganin mai gida ya bar wa baƙo gadonsa ya kwana a tabarma, ya kuma ce ai ya fi son tabarmar, ya riga ya san rabin darasin.

Sauran rabin shi ne yadda ƙorafi ke tafiya. A gidajen Tailan da yawa ba a fuskantar mutum da laifinsa kai tsaye. Saƙon kan bi ta bakin ƙaramin yaron gida, ko malamin makaranta, ko wata maƙwabciya da za ta jefo shi cikin raha. Ɗaga murya kuwa zubar da mutunci ne ga mai yi da wanda aka yi wa. Suna yabon mai "jai yen", wato mai sanyin zuciya.

Saboda haka nauyin lura yana kan ɗalibi. Idan ƙanwar gida ta ce da shi cikin dariya, "Mama ba ta iya barci sai kowa ya shigo," to an yi masa faɗa ke nan, kuma ba lallai a maimaita ba.

Ƙananan abubuwan da ake auna mutum da su

Ana cire takalmi a ƙofa. Ba a dafa kan mutum, domin kai shi ne wuri mafi daraja a jiki. Ba a miƙe ƙafa ta nuna mutum ko siffar Buddha, ba a tsallake wanda ke zaune ko kwance. Mai wucewa ta gaban manya yana ɗan rusunawa. A gaisuwar "wai", inda ake haɗa tafin hannu biyu a sunkuyar da kai, ƙarami ne ke farawa.

Ba a kiran babba da gatsal. Uwar gida "mae" ce, mai gida "pho", wanda ya girme ka "phi", ƙarami kuma "nong". Namiji yana rufe magana da "khrap", mace da "kha", kuma barin su na sa magana ta zama kamar umarni.

A wajen cin abinci, kowa yana da farantin shinkafarsa, miya da sauran mahaɗi kuma suna tsakiya. Ana ɗiban cokali ɗaya ko biyu, a cinye, a ƙara. Wanda ya tula komai a farantinsa lokaci guda ya nuna haɗama. Da cokali ake kai abinci baki, cokali mai yatsu turawa kawai yake yi. Wanka sau biyu a rana kuwa abu ne da aka saba, kuma ana lura da wanda ya ƙi yi.

Harshen yana da karin sauti biyar. Kalmar "ma" tana iya zama zuwa, ko doki, ko kare, gwargwadon yadda aka furta ta. Wanda ya tashi yana bambanta kukan jariri da kukar miya yana da kunnen da zai taimake shi a nan. Jimloli goma da aka koya da kyau a makon farko sun fi kowace tsaraba buɗe zuciyar masu gida.

Inda kara ke zama cuta

Akwai wuraren da shiru ba ya amfani, kuma abinci ne na farko. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen Tailan mabiya addinin Buddha ne, naman alade kuma yana cikin girkin yau da kullum. Ana niƙa shi a zuba a miya, ana dafa romon taliya da ƙashinsa, ana suya da kitsensa.

Ɗalibi Musulmi da ya ji nauyin faɗa zai koma cin farar shinkafa yana ture sauran. Uwar gida za ta ɗauka girkinta ne bai yi masa ba, ita ma ta ji nauyin tambaya. Kara ta haɗu da "kreng jai", kowa yana cutuwa, babu mai magana.

Maganin shi ne a faɗa tun kafin isowa, a rubuce, ta hannun masu shirin, sannan a maimaita a ranar farko cikin ladabi. "Mai kin mu" na nufin ba na cin alade. Ya kamata a ƙara bayani cewa romo da kitse ma suna ciki. Tailan ba baƙuwar wannan magana ba ce. Musulmi ne suka fi yawa a lardunan Pattani da Yala da Narathiwat da Satun a kudu, akwai masallatai masu yawa a Bankok, kuma kayan abinci da dama a kantuna suna ɗauke da tambarin halal na majalisar harkokin Musulunci ta ƙasar.

Haka batun salla da zuwa wurin ibadarsu. Ɗalibi na iya neman kusurwar da zai riƙa salla, ya bayyana lokutanta. Idan iyalin za su kai wa limaman Buddha sadakar abinci da sassafe, ko za su je wurin bauta, ya faɗi abin da zai iya da wanda ba zai iya ba tun kafin a fita. Bayani a gida cikin natsuwa ya fi tirjewa a gaban jama'a.

Abin da doka ta ce

Wasu tambayoyin da ɗalibi ke ɗauka sa-ido ne suna da tushe a doka. Mai gidan da ya sauke baƙo ɗan wata ƙasa wajibi ne ya sanar da hukumar shige da fice cikin awa 24. Baƙon da ya daɗe kuma yana sanar da adireshinsa duk kwana 90. Iyalin da suka sa hannu a kan ɗan wani suna da dalilin tambayar inda za shi.

Sashe na 112 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci zarafin sarki, ko sarauniya, ko magajin sarauta. Wannan ba batun raha ba ne a teburin abinci ko a Facebook. Ana sa taken ƙasa ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma a wurare da dama, mutane kuma su tsaya cak.

Ba a kan ɗalibi kaɗai ba

Za a iya cewa an jibga wa yaro baƙo nauyi, alhali masu gida su ne manya. Akwai gaskiya a ciki. Iyalin da suka buɗe ƙofa sun ɗauki alkawarin koyo su ma. Ɗalibi baƙar fata zai iya haɗuwa da kallo da tambayoyi marasa daɗi a ƙasar da tallan man ƙara hasken fata ya cika talabijin, kuma ba aikinsa ba ne ya haɗiye komai. Idan ana barinsa da yunwa, ko ana matsa masa kan addini, ko ana wulaƙanta shi, ya kai magana ga jami'in shirin ba tare da jinkiri ba. Sauya gida a irin wannan hali ba abin kunya ba ne.

Sai dai yawancin zaman da ke lalacewa ba mugunta ke lalata shi ba. Ƙofar ɗaki ce da ke rufe kullum, da waya a hannu lokacin cin abinci, da kwanon da aka bari ba a wanke ba. Ɗalibin da ya ɗauki gidan a matsayin masauki, masauki zai samu. Wanda ya fito ya zauna a falo ko ba ya jin hirar, ya bi uwar gida kasuwa ya riƙe mata leda, shi ne zai koma da harshe da dangi.

Akwai alamar da zai gane ya iso. Wata rana zai makara, uwar gida kuma ba za ta ce "mai pen rai" ba. Za ta ɗaure fuska ta tambaye shi inda ya tsaya, ta ce me ya hana shi kira, sannan ta tura shi ya ɗumama abincinsa da kansa. Baƙo ake yi wa kara. Ɗan gida kuwa faɗa ake yi masa.