Lasifika Ta Yi Yawa, Kunne Ya Yi Kaɗan

Mun cika majami'unmu da lasifika, amma in gwauruwa ta zo da kukanta, kafin ta rufe baki mun jefa mata aya uku mun sallame ta. Wai hidima ke nan! Abokan Ayuba, wato Elifaz da Bildad da Zofar, kwana bakwai suka zauna ƙasa tare da shi ba su ce uffan ba. Sai da suka shiga yi masa wa'azi suka jawo fushin Ubangiji. Fasto Dietrich Bonhoeffer, Bajamushen da 'yan Nazi suka rataye a 1945, sauraro ya ɗauka hidima ta farko da ta wajaba kan Kirista ga ɗan'uwansa. Mu kuwa, ko a taron dattawan ikilisiya, babu mai jiran wani ya kai aya.