Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Jami'ar Bayero Kan Ɗaukar Malaman Ƙirƙirarren Rubutu

Wannan wasiƙa tana ɗauke da roƙo guda ɗaya zuwa gare ka da majalisar malaman jami'a, wato a riƙa jin ta bakin ɗalibai kafin a ɗauki malamin da zai koyar da ƙirƙirarren rubutu, fannin da ake horar da ɗalibi a kan ƙaga labari da tsara waƙa da rubuta wasan kwaikwayo, saɓanin nazarin adabi wanda aikinsa feɗe abin da wasu suka riga suka rubuta.

Bisa al'adar jami'o'in Najeriya, kwamitin naɗi da ƙarin girma yana auna mai neman aiki ne da digirorinsa da yawan maƙalun da ya buga a mujallun ilimi, kuma wannan ma'auni ya dace da masanin nahawu ko mai nazarin adabi, amma ba ya nuna ko mutum zai iya karɓar babin farko daga hannun ɗaliba ya gano inda zaren labarin ya tsinke, ya gyara mata ba tare da ya kashe mata gwiwa ba. Tarihin Kano kansa shaida ne, domin Balaraba Ramat Yakubu da ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, da Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna, ba a ajin jami'a suka koyi sana'ar ba, kuma sai da aka sha muhawara a shekarun 1990 tsakanin masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu kan darajar littattafan da aka laƙaba wa sunan adabin kasuwar Kano.

Jami'ar ta san wannan gaskiya a wani ɓangarenta. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke bakin titin Zariya a Gyaɗi-Gyaɗi, ɗaliban likitanci suna koyon aiki a gefen gadon marar lafiya, suna ganin hannun malaminsu yana aiki, kuma rubutu ma sana'ar hannu ce da ba a gane gwaninta sai an gan shi a bakin aiki. Daga wannan unguwa da sauran unguwannin Tarauni ɗalibai ke hawa adaidaita sahu zuwa Kabuga da sabon mazaunin jami'a a titin Gwarzo, wasunsu kuwa suna tafe suna rubuta labari a waya, suna sakin sa shafi-shafi a zaurukan WhatsApp inda masu karatu ke mayar musu da martani nan take. Wanda ya saba da irin wannan sharhi yana iya bambance gyaran da ke gina rubutu da wanda ke rusa shi.

A jami'o'in Amurka da dama, ƙasar da shirin horar da marubuta na Jami'ar Iowa ya faro tun 1936, akan gayyaci masu neman irin wannan aiki da suka kai matakin ƙarshe su karanta aikinsu a bainar jama'a, su koyar da darasin gwaji, su kuma zauna da ɗalibai. Abin da ake roƙo bai wuce haka ba: a ba kowane ɗan takara rubutun ɗalibai biyu ko uku ya yi musu sharhi a aji, sannan ɗaliban su rubuta ra'ayinsu ba tare da sa suna ba, a miƙa wa kwamiti ya haɗa da sauran hujjoji, hukunci kuwa ya ci gaba da zama a hannun malamai.

Akwai fargaba mai tushe cewa ɗalibai za su karkata ga mai suna ko wanda suke zaton zai yi sassauci wajen ba da maki, kuma maganinta yana cikin tambayoyin da za a yi musu, domin idan aka tambayi ɗalibi wane gyara aka yi wa rubutunsa, kuma me ya sauya a dalilinsa, farin jinin ɗan takara ba zai amsa masa ba. Ya kamata a zaɓo ɗaliban daga Sashen Harsunan Najeriya da Sashen Ingilishi, maza da mata, a kuma fara gwada tsarin a naɗi na gaba da zai shafi wannan fanni.

Wassalam,
Wani mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi, Ƙaramar Hukumar Tarauni, Kano