Masara da Auduga: Darasin da Ke Cikin Wasan Ɗanki

Idan ɗanki yana cikin yaran da ke wasan fatauci da kumbo a waya ko kwamfuta, inda ake saro kaya a wata duniya a kai wata a sayar, kafin ki ƙwace wayar ki yi masa tambaya ɗaya: me ke tsayar da lodin kumbonsa, nauyin kaya ko girmansu?

Su kansu masu ƙirƙirar wasannin kansu ya rabu. Wasan Elite, da ya fito a Ingila a 1984, da tan yake ƙirga yawancin kaya, kumbon da ake farawa da shi tan 20 yake ɗauka. EVE Online na 2003 kuwa wurin da kaya suka cinye yake aunawa. Kowanne ya riƙe rabin gaskiya.

Direban da ke lodi a kasuwar Danja ya san duka biyun. A loda masa masara, buhu mai kusan kilo 100, tun mota ba ta cika ba tayoyi sun fara lotsawa. A loda masa auduga zuwa Funtua, mota za ta yi tozo alhali ba ta ji nauyi ba. Shi ya sa ake matse auduga a ɗaure bayan an gurje ta.

Don haka wasa mai kyau ya kamata ya sa wa kumbo iyaka biyu, wadda aka fara kaiwa ita ke tsayar da lodi. Nauyi kuma ya ƙara shan mai, kamar yadda yake a kumbon gaske. A nan yaro zai koyi haɗa kaya masu nauyi da marasa nauyi don ribarsa ta fito.

Wannan ya shafe ki kai tsaye. Tiya wuri take aunawa, sikeli kuwa nauyi. Yaron da bai bambance su ba, ranar da kika aike shi kasuwa za a iya yi masa wayo, a aji ma lissafi ya ba shi wuya.

Yau ki cika tiya ɗaya da masara, wata da gyaɗa mai ɓawo, ki ce ya ɗaga ya faɗa miki dalilin bambancin. In ya amsa, sai ki ba shi wayar, amma ki yanke masa lokaci.

Allah ya raya mana su, sai mako mai zuwa.