Ƙashin Da Ake Ginawa Kamar Tukunya

Duk wanda ya taɓa ganin mai ɗori yana aiki ya san cewa karyayyen ƙashi yakan haɗe da kansa, muddin bakunansa biyu sun sadu. Inda gizo ke saƙa shi ne idan wani yanki na ƙashin ya salwanta ɗungurungum, sakamakon haɗarin mota ko ciwon daji. A nan likitoci sukan yanko ƙashi daga ƙugun majiyyaci su cike gurbin, ya zama an yi masa aiki biyu, ya kuma yi jinyar rauni biyu.

Ilmin kimiyya ya kawo wata hanyar. Kusan sulusi biyu na nauyin ƙashi ma'adini ne na kalsiyam da fosfet, wanda ake iya haɗa garinsa a ɗakin gwaji. A shekarar 1993 masana a jami'ar MIT ta Amurka suka sami rajistar wata fasaha, inda na'ura ke shimfiɗa gari tana ɗiga masa ruwan ɗanko, hawa bisa hawa, har siffa ta fito. A yau ana ɗaukar hoton gurbin ƙashin, kwamfuta ta auna shi, na'ura ta gina madadinsa daidai wa daida. Akasari akan gasa shi da zafin da ya haura digiri 1,000, kamar yadda magina ke gasa tukwane.

To amma bai kamata a ɗauka an gama magana ba. Abin da aka gasa yana da saurin tsagewa, shi ya sa ya fi dacewa da fuska da muƙamuƙi da ƙoƙon kai, ba ƙashin cinya mai ɗaukar nauyin jiki ba. Darajarsa ta haƙiƙa tana cikin ƙananan ramukan da ake bari a jikinsa, waɗanda jijiyoyin jini ke ratsawa har sabon ƙashi ya tsiro. Wani nau'insa ma narkewa yake yi sannu a hankali, ya bar wa ƙashin gaskiya wurin.

Saboda haka kuskure ne a zuba ido ga na'urar kaɗai. Kuɗi na iya sayo ta, amma ba sa sayo wanda ya san girman ramin da ya dace, ko zafin da garin zai jure. Wannan sani yana buƙatar kimiyyar sinadarai da ilmin halittu da lissafi a kai guda. Ya wajaba malaman sakandare su daina koyar da darussan nan kamar ba su san juna ba, ɗalibai kuma su riƙe su tun yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya.